Keken da Gwaggo Hajo Ta Ƙwanƙwasa

Akwai wani malamin firamare a unguwar Kabara, cikin birnin Kano, ana kiransa Malam Mikail. Mutum ne marar hayaniya. Ba ya zaman majalisa, ko ƙwallo ba ta dame shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kane-kane, shi ne tseren keke.

Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna, fastocin 'yan takara ba su gama ɓanɓarewa daga jikin katangu ba, kowa kuma yana ji a jikinsa cewa kasuwa za ta buɗe.

Su Malam Mikail suna da ƙungiya ta 'yan keken tsere. Kowace Lahadi bayan sallar asuba sukan haɗu a Ƙofar Ɗan Agundi, su kusan ashirin, sanye da gajerun wandunan nan masu ɗame jiki waɗanda dattawan unguwa ke gani su kama salati. Daga nan sai su miƙi titin Zariya, ba a sake ganinsu sai rana ta take.

Sau ɗaya a shekara sukan yi babban tsere daga Kano zuwa dam ɗin Tiga. Mutum ukun da suka riga isa su ake ba koriyar rigar ƙungiya, su je su wakilce ta a wani tsere da ake yi a Jos.

Shekara goma sha ɗaya Malam Mikail yana bin wannan riga. Mafi kyawun abin da ya taɓa yi shi ne na shida. Ba ƙafa ce ba shi da ita ba, kowa ya san yana da ƙafa. Kekensa ne tsohon ƙarfe mai nauyi kamar injin markaɗe. Ga shi shekara arba'in ta kawo jiki, gwiwarsa ta hagu ta fara gunaguni. Ya san in bai sa rigar nan cikin shekara ɗaya ko biyu ba, to sai dai ya gan ta a jikin wasu har abada.

Ana nan sai Alhaji Isiyaku, wani mai shigo da kayan gwanjo daga Kwatano, ya samo kekunan tsere guda biyu na kabon.

Ga wanda bai sani ba, kabon ba ƙarfe ba ne, ba kuma alminiyam ba. Wasu baƙaƙen zarurruka ne ake saƙawa, a haɗa su da danƙo, a gasa har su yi tauri. Da yatsa biyu sai ka ɗaga keken gaba ɗaya. A lokacin, a Kano, an fi jin labarinsa fiye da ganinsa.

Malam Mikail ya daɗe yana tanadi saboda irin wannan rana. Shi kuma Alhaji Isiyaku, da yake Malam ne ya koyar da 'ya'yansa, sai ya ce masa, "Malam, tafi da su duka biyun gida. Ka duba a tsanake zuwa Juma'a, ka ɗauki wanda ya kwanta maka. Kai ne farko."

Ɗaya ja ne jawur, fentinsa na ɗaukar ido, da farin rubutu a jikinsa kamar yau aka fito da shi daga kamfani. Ɗayan kuwa ruwan toka ne, duk ya sha ƙarce, sirdinsa ma ya ɗan yage a gefe.

Ba sai na gaya muku wanda zuciyar Malam ta bi ba. Ya jingine su a zaure, in ya shiga cikin gida sai ya ƙirƙiro dalilin fitowa don ya sake kallon jan.

Ranar Alhamis da la'asar Gwaggo Hajo ta biyo. Ƙanwar mahaifinsa ce, kuma shekararta arba'in tana sayar da tukwane da tuluna da randuna a Kasuwar Kurmi. Tana da wani zoben azurfa mai kauri a yatsarta, tana kuma da wata ɗabi'a da kowa a dangi ya sani: ba ta ganin abu ta ƙyale shi sai ta ƙwanƙwasa. Ƙwarya, kankana, sabuwar ƙofa, duk sai zoben nan ya gaishe su. Haka 'yan tukwane ke gane lafiyar kaya kafin su saya, kuma hannunta ya saba har ba ta sanin tana yi.

Ta tsaya a zaure tana kallon kekunan. "Mika'ilu, shagon haya ka buɗe ne?"

Ya durƙusa ya gaishe ta yana dariya, ya yi mata bayanin komai, har da yadda ake saƙa kabon a gasa shi.

Kafin ya rufe baki ta kai hannu kan mai ruwan tokar. Ta bi shi da zobe daga wuya har gindin sirdi. Tin, tin, tin. Ta gyaɗa kai.

"Wannan mummunan lafiyarsa ƙalau."

Ta koma kan jan. Tin, tin, tin. Da ta zo ƙarƙashin bututun nan mai kauri, dab da wuyan keken, sai ta tsaya. Ta sake bugawa. Ta matsa gaba kaɗan ta buga, ta dawo wurin ta buga. Fuskarta ta canza.

"Wannan ya taɓa shan ƙasa. An shafe ciwon da fenti ne."

Malam Mikail ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. "Haba Gwaggo. Wannan fa ba yumɓu ba ne. Daga Turai aka yi shi."

"Ko daga ina aka yi shi. Ba kai ka ce gasa shi ake yi ba? Abin da aka gasa, in ya tsage ta ciki, muryarsa mutuwa take yi. Kawo kunnenka nan."

Ya sunkuya. Ta buga can, ta buga nan. Da farko bai ji komai ba. A karo na huɗu sai ya ji ɗan bambanci. Ko'ina sautin yana fita tar, amma a wurin nan da bai fi faɗin babban yatsa ba sai ya yi ɗuf, kamar an buga jiƙaƙƙen kwali.

Gwaggo ta gyara mayafinta. "Ni ban san keke ba. Amma na sha ganin tulu irin wannan. Sai ya yi wata biyu yana ɗaukar ruwa lafiya lau. Ranar da ka ji ya fara ƙara da kansa alhali yana ɗauke da kaya, to sauke shi maza, ya kusa rabuwa."

Ta shige cikin gida wurin iyalinsa, ta bar shi tsugune a zaure.

Gaskiya ransa bai so ba. Ya shafa wurin, sumul yake. Ya haska da tocila, babu ko layi. Amma ya san Gwaggo. A iya saninsa ba a taɓa dawo mata da tukunya an ce ta yoyo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tura kekunan zuwa shagon Alhaji Isiyaku. A can ya tarar da Bashir, kyaftin ɗin ƙungiyarsu, yana jiran wanda za a rage. Bashir ma'aikacin banki ne, gwanin keke ne na gaske, kuma yana da tarin mujallun keke na Turai da yake karanta wa 'yan ƙungiya ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Malam Mikail ya ce ya ɗauki mai ruwan tokar. Zai iya yin shiru daga nan ya kama gabansa. Amma sai ya ƙara da cewa, "Alhaji, jan nan ina jin yana da tsaga ta ciki, a nan ƙarƙashin wuya. Kada a sayar wa kowa sai an bincika."

Bashir ya ɗago kai. "Wane injiniya ne ya duba maka?"

"Gwaggona ce."

"Gwaggonka? A ina take aiki?"

"A Kurmi. Tukwane take sayarwa."

Bashir ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, kai fa mai ilimi ne. Wannan technology ne, irin abin da ake ƙera jirgin sama da shi. Sai ka kai wa mai tukwane?"

Alhaji Isiyaku bai yi dariya ba. Ya ce shi dai haka ya samo su, kuma tunda an yi wannan magana gara ya ajiye keken a gefe. Bashir ya ce atafau. Ya juya keken, ya danna, ya haska, ya hau ya zaga layin ya dawo.

"Alhaji, kada ka bari a kashe maka kasuwa da camfi. Ni na gani, ina so."

Alhaji ya ce, "To, ka dai ji abin da aka faɗa da kunnenka. Ni na fita haƙƙinka."

Ranar Lahadi kafin Malam Mikail ya iso Ƙofar Ɗan Agundi labari ya riga shi. Yana sauka wani ya ƙwanƙwasa masa hular kwano ya ce, "Tin, tin! Wannan kan ya tsage!" Aka bushe da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Mai Tukwane.

Ya yi murmushi tare da su, amma abin ya yi masa ciwo, musamman da yake Gwaggonsa ake yi wa dariyar.

Duk da haka bai haƙura ba. Bayan kwana biyu ya sami Bashir har gida, su biyu kawai, ya roƙe shi ya kai keken a kankare fentin wurin a gani.

Bashir ya dube shi sama da ƙasa. "Na gane ka yanzu. So kake in ajiye shi in koma kan tsohon kekena, kai kuma ka samu riga. Ka yi training, Malam. Wannan dabarar ba za ta yi aiki ba."

Wannan maganar ta fi duk tsokanar zafi. Malam Mikail ya ce, "Allah ya kiyaye mu baki ɗaya," ya juya.

Mako shida suka wuce. Jan keke yana ta sheƙa gudu, ko tari bai yi ba. Har Malam Mikail ya fara tambayar kansa ko dai tsufa ne ya fara taɓa kunnen Gwaggo, shi kuma ya yi asarar keke mai kyau a banza.

Ranar tseren Tiga ta zo.

Tun kafin a kai Kura wasu zaratan 'yan ƙungiya biyu, Sani da Gwadabe, suka ɓalle suka yi gaba, ba wanda ya sake ganin ƙeyarsu. Riga biyu sun tafi ke nan. Saura ɗaya.

Malam Mikail bai taɓa jin jikinsa kamar ranar ba. Mummunan keken nan tafiya yake kamar ana tura shi. Ya wuce mutum ɗaya, ya wuce biyu, ya wuce biyar. Can ya duba gabansa, saura Bashir kaɗai. Ya waiga, mai bi musu, Zaharaddeen, yana can baya da nisa.

Kafin a kai dam ɗin akwai wani hawa, bayansa kuma dogon gangare mai kwana a ƙasa. A kan hawan Bashir ya miƙe tsaye kan feda yana jijjiga keken hagu da dama. Numfashinsa ya yi nauyi, kafaɗunsa sun faɗi. Malam Mikail ya gane kyaftin ya gaji, shi kuwa yana da sauran ƙarfi. In ya zaga shi a nan, shi ke nan, burin shekara goma sha ɗaya ya cika.

Ya karkata zai wuce, sai ya ji wani sauti.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Duk lokacin da Bashir ya taka feda ta dama sai sautin ya fito. Ba sarƙa ba ce, ba giya ba ce. Malam Mikail ya kai ido ƙarƙashin wuyan jan keken. Fentin wurin ya yi wani siririn farin layi, yana buɗewa yana rufewa.

Ya ɗaga murya. "Bashir! Tsaya! Kekenka ya fara ƙara!"

Bashir ko waiwaye bai yi ba. "Ka makara, Mai Tukwane!"

Saura 'yan taku su kai ƙarshen hawan. Daga nan gangare ne da keke ke gudu kamar mota. Malam Mikail ya san zai iya wucewa, ba kuma wanda zai zarge shi. Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu, yanzu ya faɗa na uku. Rigar ta gifta masa a ido, koriya shar.

Sai ya miƙa hannun dama ya damƙi aljihun bayan rigar Bashir, ya matse birki da hagu.

Suka yi tangal-tangal suka gangara gefen titi cikin yashi, kowa ya dire ƙafa.

Bashir ya yar da keke ya shaƙe Malam Mikail. Idonsa ya yi ja. "Ka haukace ne? Hassada ce ta kai ka har haka? Wallahi sai an kore ka daga ƙungiyar nan!"

"Ka duba wuyan keken, Bashir. Don Allah ka duba kawai."

"Ba zan duba ba!"

Suna cikin haka Zaharaddeen ya zo ya wuce su fuu, ya bi gangaren. Malam Mikail ya bi shi da kallo har ya ɓace. Riga ta uku ta tafi.

Bashir ya hankaɗe Malam, ya ɗaga jan keken, ya haye, ya taka feda da dukkan fushin da ke cikinsa.

Ƙwas!

Bututun ya rabu biyu. Tayar gaba ta yi nata wuri, Bashir ya kife a yashi, gwiwar hannunsa ta ɗaye. Baƙaƙen zarurruka suka yi cirko-cirko a bakin karayar kamar tsohuwar tsintsiya.

Daidai lokacin wata babbar mota shaƙe da rake ta ɓullo daga kwanar ƙasa tana hawowa, ta cinye rabin titin.

Bashir ya dubi motar, ya dubi gangaren, ya dubi keken. Ya tashi zaune a cikin yashin. Malam Mikail ya jingine nasa keken, ya zauna kusa da shi, ya wanke masa ciwon da ruwan gorarsa. A nan motar ƙungiya mai bin baya ta same su.

Washegari da hantsi 'yan layin tukwane a Kurmi suka ga abin da ba su saba gani ba. Wani mutum da rigar banki da ɗaurin wuya, hannunsa a naɗe da bandeji, ya zo ɗauke da rabin keke. Ya cire takalmi ya durƙusa a gaban Gwaggo Hajo.

"Gwaggo, ni ne na yi miki dariya. Ki yafe mini."

Gwaggo ta karɓi guntun ta juya shi. Ta sa farce a bakin karayar ta nuna masa inda wani tsohon gam ya bushe a ƙarƙashin fenti. "Ka gani? Tun can aka liƙe shi. Tashi, ɗan nan, ni ban ma san ka yi dariyar ba. Allah ya ƙara tsarewa. Ka ci abinci kuwa?"

Daga nan abu ya zama al'ada. Duk wanda zai sayi keken kabon a ƙungiyar sai ya tura shi ta lungunan Kurmi, yana ba masu dako haƙuri, har rumfar Gwaggo. Alhaji Isiyaku ma in kaya sun iso ba ya sa musu kuɗi sai zoben ya bi ta kansu. Ita kuwa ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, sai dai goro.

Sunan Mai Tukwane bai bar Malam Mikail ba, amma yanzu da girmamawa ake faɗarsa. Shi ne ma ya ba Bashir aron tsohon kekensa na ƙarfe, saboda Bashir ya riga ya sayar da nasa tsohon tun kafin tseren.

Shekara ta zagayo, aka sake tseren Tiga. Malam Mikail ya cika arba'in, gwiwarsa ta daina gunaguni ta koma faɗa a fili. Ga iska tana bugowa ta gaba tun daga Ƙofar Ɗan Agundi. Duk ɗan keke ya san wanda ke gaba shi ke shan iska, na bayansa yana hutawa.

Ana fita gari Bashir ya zo ya shiga gabansa a kan tsohon ƙarfen nan. Bai waiwayo ba ya ce, "Manne wa tayata. Kada ka fito sai na ce."

"Bashir, kai fa? Za ka ƙone kafin mu kai."

"Na ce ka manne, Malam."

Haka ya ja shi, ya wuce Kura da shi, ya wuce gonakin shinkafa, gumi na zuba daga haɓarsa kamar an buɗe famfo. Da suka zo hawan nan, daidai wurin da suka faɗa yashi bara, ƙafafun Bashir suka ƙare. Ya karkata gefe, ya daki bayan Malam Mikail da tafin hannu.

"Wuce, Mai Tukwane! Wuce!"

Malam Mikail ya zo na uku. Bashir kuwa shi ne na goma sha huɗu, kuma ya fi kowa ihu a bakin dam.

Da aka miƙa masa rigar bai tafi gida ba. Kai tsaye ya nufi Kurmi da ita a jikinsa, ya durƙusa a gaban Gwaggo Hajo yana nuna mata ita, hawaye na zuba.

Gwaggo ta dube shi, ta dubi rigar. Sai hannunta ya yi abin da ya saba. Ta kai zoben ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa sau uku, ta karkata kunne kamar yadda take yi wa randa.

"Wannan dai babu tsaga a cikinsa," in ji ta. "Tashi ka je ka yi wanka, kana warin rana."

Darasi: Kada kyan fenti ya hana ka sauraron abin da ke ciki, kada kuma karatunka ya sa ka raina wanda ya yi shekara arba'in yana sana'arsa, domin Allah bai tara sani a wuri ɗaya ba. In ka ga ɗan'uwanka zai halaka, ka riƙe shi ko da zai zage ka, ko da za ka rasa abin da ka daɗe kana nema. Abin da ka bari saboda Allah yana dawowa, wani lokaci ma ta hannun wanda ya yi maka dariya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana da wata Gwaggo Hajo a gida amma bai taɓa zama ya saurare ta ba.